Rubicon: Kashi 13 Kacal, Amma Har Yau Ba a Daina Zancensa Ba

Ranar 11 ga Nuwamba, 2010, tashar AMC ta Amurka ta ba da sanarwar cewa shirin Rubicon ba zai dawo zango na biyu ba. Kashi 13 kacal aka yi, kowanne wajen minti 45, wato in mutum ya jera su duka bai cika awa goma yana kallo ba. A idon 'yan kasuwa tashar ba ta yi asarar komai ba, don kwana 11 kafin sanarwar ta fara nuna The Walking Dead, wanda kashinsa na farko ya tara masu kallo miliyan 5.3, alhali Rubicon ya rufe ne da kimanin miliyan ɗaya. Lissafi ya fito fili, ba sai an nemi ba'asi ba. Duk da haka, yau in masu son finafinan leƙen asiri suka hau lissafin shirye-shiryen da aka katse wa hanzari, da wuya a tashi ba a ambace shi ba.

Da yawa daga cikin masu yabonsa suna ɗora yabon a kan makircin da ke cikin labarin. Ni a ganina makircin ne ma ɓangarensa mafi rauni. Abin da ya riƙe shi shekara da shekaru shi ne ya nuna mutane suna aikin tunani, aiki mai cin rai, a ɗaki mai cike da takardu, sannan ya sa mai kallo ya ji a jikinsa cewa kuskure ɗaya a wannan ɗakin yana iya zama gawa a wata ƙasa. Wanda bai kalla ba ya sani, nan gaba zan fasa ƙwai, har da na ƙarshen labarin.

Ga yadda aka dasa shi. A birnin New York akwai wata cibiya mai zaman kanta, American Policy Institute, wadda ake taƙaitawa da API, a wani gini da ba ya ɗaukar ido kusa da gaɓar ruwa. Hukumomin leƙen asirin Amurka suna aiko mata da ɗanyen bayanai: hotuna, rahotanni, hirarrakin da aka saurara a ɓoye. Aikin ma'aikatanta su tace, su haɗa wannan da wancan, su rubuta abin da suka fahimta. Ba su da bindiga, ba sa bin kowa a mota. Will Travers, wanda James Badge Dale ya fito a matsayinsa, ɗaya ne daga cikinsu. Matarsa da 'yarsa sun mutu a harin 11 ga Satumba, 2001, kuma tun daga nan yake rayuwa kamar wanda aka zare wa laka. Shugabansa a ofis, David Hadas, shi ne surukinsa, mahaifin marigayiyar.

Wata rana Will ya lura cewa wasan cike gurbin kalmomi na manyan jaridu daban-daban ya zo da amsoshi iri ɗaya a rana guda. Uku suna nuni ga rassan gwamnati uku, majalisa da zartarwa da shari'a, na huɗun kuma sunan ɗan tsiron nan ne mai ganye huɗu da Turawa ke ɗauka alamar sa'a. Ya kai wa David, David ya nuna kamar ba komai, amma ya wuce da zancen sama. Ba a jima ba David ya mutu a haɗarin jirgin ƙasa. Abin da ya tayar wa Will da hankali ƙaramin abu ne: ya tarar da motar David a tashar jirgi an ajiye ta a gurbi mai lamba 13, shi kuwa David mutum ne mai camfi, ko da wasa ba ya kusantar wannan lambar. A can wani gefen, wani attajiri, Tom Rhumor, ya buɗe jaridarsa da safe, ya ga irin wannan ganye mai kunne huɗu a ciki, ya ɗauki bindiga ya harbe kansa. Matarsa Katherine, wato Miranda Richardson, ta shiga neman dalili.

Duk wannan a kashi na farko ne, kuma in da a haka shirin ya ci gaba, da tuni an manta da shi. Jason Horwitch ne ya ƙirƙiro shi ya rubuta wannan kashin, Allen Coulter ya ba da umarni. Bayan nan saɓani ya shiga tsakanin Horwitch da tashar, ya bar aikin, aka damƙa ragamar a hannun Henry Bromell. Bromell tsohon hannu ne a rubutun talabijin, ya yi aiki a Homicide: Life on the Street, kuma mahaifinsa ma'aikacin CIA ne, don haka ya tashi yana ganin irin mutanen da ba sa iya faɗa wa iyalinsu abin da suka yi a ofis. Shi ya karkatar da nauyin shirin daga wasan kalmomi zuwa teburin aiki. Mai lura zai ga ɗinkin tsakanin kashi na ɗaya da na biyu. Na farkon ya cika da alamomi da lambobi da rufa-rufa, na biyun kuma ya soma da tambayar da ta fi kowace muhimmanci: yanzu da aka ba Will kujerar David, yaya zai tafi da mutum uku masu kaifin ƙwaƙwalwa waɗanda kowannensu ke da tasa matsalar?

Mutum ukun nan su ne jarin shirin. Grant Test, wanda Christopher Evan Welch ya fito, yana ganin shi ya cancanci kujerar, ga girman kai, ga tsoron kada a gano bai kai yadda yake nunawa ba. Miles Fiedler, wato Dallas Roberts, ƙwaƙwalwa kamar kwamfuta, amma aurensa ya watse yana ɓoyewa, kullum a firgice. Tanya MacGaffin, wato Lauren Hodges, sabuwar zuwa ce, aikin yana cin ta, tana neman mafaka a giya da ƙwayoyi. Sama da su akwai Kale Ingram, wanda Arliss Howard ya taka da murya ƙasa-ƙasa, mutumin da har kusan ƙarshe ba ka sanin ko taimakon Will yake yi ko rami yake gina masa. Can ƙoli kuma Truxton Spangler, shugaban cibiyar. Michael Cristofer, wanda ya fito a matsayinsa, asalinsa marubucin wasan daɓe ne da ya ci kyautar Pulitzer a 1977, kuma yadda yake yanka jimla a inda ba a zata ba, ya ja numfashi, ya ɗora, ya isa ya sa ka ƙi yarda da shi tun kafin ya aikata komai.

Kowane kashi an gina shi ne da zare uku. Na farko aikin ranar a ofis, wanda ya fara daga hoton wasu mutane da aka ɗauka suna ganawa, ana so a gano su waye da abin da ya haɗa su. Na biyu binciken da Will yake yi a ɓoye kan mutuwar David. Na uku Katherine da takardun mijinta. Dabarar ita ce mai kallo ya ɗauka zaren farko cikon lokaci ne kawai, sai a hankali ya gane cewa abin da ake nazari a ofis da abin da Will yake tonowa da dare abu guda ne.

Kashi na huɗu shi ne ma'aunin shirin, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. An ba Grant da Miles da Tanya aiki mai wa'adi: akwai wani ɗan ta'adda da ake kira Kateb, bayanai sun nuna yana wani gida a Indonesiya, ana so su ce a kai hari ko kada a kai. Hoto ba tabbatacce ba ne. Majiyoyin ba su da ƙarfi. Akwai fararen hula a kewayen, ciki har da yara. Ba za su ga harin ba, ba za su danna komai ba, abin da ake so daga gare su shi ne amsa a rubuce, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Sai ka ga yadda aikin yake tafiya daki-daki: a ware abin da aka tabbatar daga abin da ake zato, a auna kowace majiya da abin da za ta samu in ta yi ƙarya, a ƙiyasta rayukan da za a rasa in an kai harin da waɗanda za a iya rasawa in an bar mutumin ya tsere. Suna gardama, suna cin abinci a tsaye, wani ya fita ya dawo ya canza ra'ayi. Daga ƙarshe suka ce a kai. Ba a nuna fashewar komai ba. Abin da aka nuna shi ne fuskokinsu bayan an kawo musu labari, kowa ya koma kan takardunsa.

A cikin wannan kashin dai, Spangler ya ɗauki Will zuwa Washington don kare kuɗin cibiyar da 'yancinta a gaban manyan jami'ai. A nan ya kawo misalin nan na laktaye da masu son shirin suka haddace. Ma'anarsa a taƙaice: in ka ɗaura laktaye, matarka za ta yaba don tana son ka, na ƙasa da kai zai yaba don yana neman wani abu, duk wanda ya san ka yana da dalilin da zai sa ya murɗe gaskiya. Amma in wani wanda bai san ka ba, ba ya tsoronka, ba ya neman komai a wurinka, ya rubuto maka ra'ayinsa, wannan ne kaɗai abin dogaro. Hujja ce mai kyau, kuma gaskiya ce. Sai dai mai faɗarta shi ne yake sayar da wannan amanar a bayan fage. Wanda ya sake kallon kashin bayan ya gama zangon zai ji jawabin ya sauya ɗanɗano gaba ɗaya, ba tare da an canza ko kalma ɗaya ba.

Akwai wasu kashi biyu da suka bi wannan sahun. A na bakwai jami'an FBI sun rufe ginin saboda zargin fitar da bayanai, aka sa kowa a na'urar gane ƙarya, sai sirrin da kowa ke ɓoyewa ya fara tsiyaya, mafi yawansa ma ba na aiki ba ne, na gida ne. A na takwas an kwashi Miles da Tanya zuwa wani ɓoyayyen sansani a ƙasar waje, su zauna suna tantance bayanan da ake tatsa daga bakin wanda ake azabtarwa. Masu aikin takarda sun ga inda takardar take fitowa.

Ta fuskar hoto da sauti, an san inda shirin ya yi koyi. Finafinan Amurka na shekarun 1970 ne, waɗanda aka yi bayan badaƙalar Watergate, lokacin da jama'a suka daina yarda da gwamnatinsu: The Conversation da The Parallax View na 1974, Three Days of the Condor na 1975, wanda shi ma jaruminsa mai karatun takardu ne a wani ƙaramin ofis a New York, sai All the President's Men na 1976. Michael Slovis, mai ɗaukar hoton Breaking Bad, yana cikin waɗanda suka riƙe kyamara. Dabarunsu ba ɓoyayyu ba ne, kowa zai iya ƙirga su. Ana ajiye kyamara nesa, a ɗauki mutum ta bayan gilashi ko daga tsallaken titi, har ka ji kamar kai ne kake leƙensa. Ana barin fili mai yawa a gefen hoton, idonka ya yi ta neman wanda zai ɓullo. Ana barin shiru ya yi tsawo, ba kiɗa, sai ƙarar motocin babbar hanyar da ke wucewa ta jikin ginin. Kiɗan Peter Nashel in ya shigo ba ya gaya maka ka ji tsoro, bin tunanin Will yake yi. Kuma ko da yake a 2010 ake, kusan komai a takarda yake: fayil, allo, fensir, alƙalamin shafa launi. Wasu sun soki wannan da cewa ya saɓa wa zamani. Amma takarda tana da amfanin da allon kwamfuta ba shi da shi a gaban kyamara, domin ana iya ganin hannu yana jawo wannan shafin kusa da wancan, wato ana ganin tunani da ido.

Bindiga kuwa an yi mata rowa da gangan. Bayan harbin kashi na farko, sai a yi ta tafiya ba a ji ƙararta ba. Saboda haka lokacin da Donald Bloom, tsohon ɗan leƙen asirin da aka turo ya kashe Will, ya shiga gidansa a kashi na 11, kokawar ba ta yi kama da ta fim ba. Ƙazamar kokawa ce ta mutumin da bai taɓa faɗa ba, kuma bayan ya kashe Bloom jikinsa ɓari yake, sai da Kale ya zo ya share wurin kamar mai aikin da ya saba. Shirin da ake harbi kowane minti goma ba zai taɓa samun wannan nauyin ba, ya riga ya kashe kuɗinsa tun a hanya.

To me ya kayar da shi?

Abu na farko saurin tafiya. Kashi uku na farko suna jan ƙafa ƙwarai, kuma a lokacin mako guda ake jira tsakanin kashi da kashi, ranar Lahadi da dare, kafin shirin Mad Men. Mai kallon da aka ba ɗan guntun bayani ya riƙe na kwana bakwai, in ya dawo ya manta sunan da aka ambata. An fara da masu kallo miliyan biyu ranar 1 ga Agusta, wanda a lokacin shi ne buɗi mafi girma da wani shirin AMC ya taɓa yi, amma kafin shirin ya kankama a tsakiyar zango kusan rabi sun watse, kuma matasan da masu talla ke nema su ne suka fi guduwa. Ga shi 'yan watanni kafin nan aka kammala wani shirin leƙen asiri mai suna 24, wanda ya yi kusan shekara tara yana koya wa jama'a cewa labarin leƙen asiri gudu ne da agogo da ihu.

Na biyu zaren Katherine. An ɗauko 'yar wasa mai nauyin Miranda Richardson aka bar ta ita kaɗai tana buɗe akwatuna da aljihun tebur, tana zagaya gidan da ba ta san mijinta yana da shi ba. In ban da wata 'yar gaisuwa a wurin liyafa, ba ta haɗu da Will a kan magana ba sai can wajen ƙarshe. Dokar wannan sana'a ita ce mai bincike yana bukatar abokin magana, in ba haka ba dole ya yi ta kallon takarda yana zare ido. Will yana da Ed Bancroft, tsohon gwanin warware lambobin sirri da aikin ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, yana da Kale. Katherine ba ta da kowa na dindindin.

Na uku shi ne makircin kansa. Da aka yaye labule, sai ga wasu attajirai abokan ƙuruciya, da kamfani mai suna Atlas MacDowell, suna amfani da rahotannin API su hango inda rikici zai ɓarke, wani lokaci su hura shi da kansu, su kwashi riba. Ganyen mai kunne huɗu saƙo ne ga ɗan ƙungiyar da aka gama da shi. Kateb bai mutu a harin ba, kuma ashe Ba'amurke ne, ya tarwatsa jirgin dakon mai a mashigin Galveston da ke jihar Texas, aka shirya shaidun da za su ɗora laifin a kan Iran. Ba laifi, amma ba sabon abu ba ne. Duk wanda ya kalli finafinan da na ambata ya san attajirai a ɗaki mai duhu. Inda shirin ya yi zarra shi ne kashi na 12, da ya bar jarumansa suka gano komai daidai, amma a makare. Sun yi aikinsu, sun haɗa zaren, jirgin kuma ya riga ya kama da wuta.

Kashi na 13, wanda aka nuna ranar 17 ga Oktoba, an rubuta shi ne da fatan za a dawo, shi ya sa ya bar ƙofofi a buɗe. An kashe Katherine a dandalin Central Park kafin ta miƙa wa Will faifan da mijinta ya bar mata. Maƙwabciyar Will, Andy, wadda aka nuna a matsayin mai zane kawai, sai ga shi tana da hannu a lamarin, ba tare da an shuka alamar hakan a baya yadda ya kamata ba. Wannan kuskure ne na rubutu, ba wani kare shi da za a yi. Abin da ya tsira a kashin shi ne haɗuwar Will da Spangler a saman gini, inda dattijon bai musa komai ba, ya nuna masa cewa ya je ya rubuta rahotonsa, ba wanda zai damu. Shi kansa Spangler an riga an aiko masa da nasa ganyen.

Yanzu ga inda gajartar ta yi masa rana. Labarin makirci a talabijin yana da cuta guda da ke kashe shi, kuma nasara ce ke kawo ta. In shiri ya karɓu, tasha za ta nemi ƙari. Marubuta ba za su iya ba da amsa ta ƙarshe ba don kada kasuwa ta tashi, saboda haka duk amsar da suka bayar sai sun buɗe sabbin tambayoyi biyu. Bayan zango uku ko huɗu, wanda aka ce shi ne uban tafiya sai a ce ashe yaron wani ne, wanda ya mutu ya dawo, ƙungiyar asiri ta haifi wata ƙungiyar. The X-Files ya yi zango tara a karon farko, daga 1993 zuwa 2002, kuma har masoyansa sun yarda cewa babban makircinsa ya kai inda ba mai iya bayaninsa da baki ɗaya. Lost ya rufe a watan Mayun 2010 bayan zango shida, ana ta cece-kuce kan tambayoyin da bai amsa ba. Homeland, inda Bromell ya koma bayan Rubicon, ya yi zango takwas, kuma kashin da Bromell ya rubuta a zango na biyu ya ci masa kyautar Emmy a 2013, bayan rasuwarsa a watan Maris na shekarar. Amma shi ma Homeland sai da ya yi ta sake fata don ya rayu. Rubicon bai kai ga wannan matakin ba. Mugayensa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, dalilinsu kuɗi ne, hanyarsu a bayyane take. Ba a samu lokacin da za a lalata shi ba. Haka abin yake ga The Prisoner na Ingila mai kashi 17 a 1967 zuwa 1968, da Utopia na tashar Channel 4 mai kashi 12 da aka soke a 2014. Ba cewa nake soke shiri alheri ba ne, ma'aikata sun rasa aiki, labari ya tsaya a tsakiya. Amma zango na biyun da masoya ke ta kuka a kansa yana zaune ne a cikin kawunansu, inda ba marubucin da zai ɓata shi.

Sai kuma zamani da ya biyo shi a baya ya gaskata shi. A watan Yulin 2010, kwanaki kaɗan kafin a fara nuna shi, jaridar Washington Post ta wallafa binciken Dana Priest da William Arkin, wanda ya nuna cewa hukumomin gwamnati 1,271 da kamfanoni masu zaman kansu 1,931 ne ke aikin da ya shafi leƙen asiri da yaƙi da ta'addanci a Amurka, kuma kimanin mutum 854,000 ke da izinin ganin bayanan sirri mafi girma. Wato cibiya irin API ba ƙirƙirar marubuci ba ce, sana'a ce mai ɗimbin ma'aikata. A 2013 Edward Snowden ya fito da takardun NSA, wata hukumar leƙen asirin Amurka, shi ma ba ma'aikacin gwamnati kai tsaye ba ne a lokacin, ɗan kwangila ne a kamfanin Booz Allen Hamilton. Batun shirya shaida don a kai ƙasa yaƙi kuwa, masu kallon 2010 ba su manta da makaman ƙare dangin da aka ce Iraƙi na da su a 2003 ba, waɗanda ba a taɓa samu ba. Wanda ya kalli shirin yau ba ya bukatar a lallashe shi ya yarda cewa ana iya sayar da nazari kamar kowace haja.

Akwai wani abu kuma da nake ganin ya fi waɗannan, ko da yake ba a cika faɗarsa ba. A yanzu da intanet ta cika da masu haɗa ɗigo da ɗigo suna gano makirci a ko'ina, Rubicon yana cikin 'yan tsirarun shirye-shiryen da suka nuna bambanci tsakanin nazari da ruɗu. Ed Bancroft gargaɗi ne a tsaye: ga abin da ke faruwa da mai hazaƙar da ya kasa daina ganin alamu. Will kansa sau da yawa yana tsayawa ya tambayi kansa ko baƙin cikinsa ne ke sa shi ganin abin da babu. A teburin aiki kuma ba a karɓar zato sai an kawo majiya ta biyu, kuma wanda ya kawo ra'ayi shi ake sa wa ya nemo abin da zai rushe shi. Yawancin finafinan makirci suna koya wa mai kallo cewa duk wanda ya yi zargi yana da gaskiya. Wannan ya nuna cewa zargi aiki ne mai ƙa'ida, kuma mai yin sa yana biya da lafiyarsa.

Ga wanda zai kalla karon farko, tsarin kallon yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Shirin ya daɗe ba ya kan manyan manhajojin kallo kafin AMC ta maido da shi, kuma kallon jere ya fi dacewa da shi nesa ba kusa ba a kan na mako-mako da ya kashe shi. Kada a yanke hukunci kafin a gama kashi na huɗu. In na huɗun bai kama mutum ba, sauran ma ba za su kama shi ba, ya huta. Kashi biyu a zama ɗaya ya fi, uku in an matsa, don bayan nan ido yana gajiya da shirun, sai a fara rasa ƙananan abubuwa. A ajiye waya, domin bayani mai muhimmanci sau da yawa ba a furta shi, a kan takarda yake ko a fuskar wanda ya yi shiru. A kunna rubutun ƙasa saboda Kale da Spangler, dukansu ba sa ɗaga murya. Sunaye huɗu ne in aka riƙe su ba za a ɓata ba: Donald Bloom, Atlas MacDowell, Kateb, da James Wheeler, abokin Tom Rhumor. Daga kashi na 10 zuwa na 12 kuwa gara a haɗa su a dare ɗaya, a bar na 13 sai washegari, a shige shi da sanin cewa an rubuta shi ne a matsayin gada zuwa zangon da ba a yi ba.